Hoton Fasfo: Doka a Turance, Wahala a Hausance

Jama'a, akwai wata 'yar takarda wadda ba ta kai tafin hannun jariri ba, amma tana wahalar da mutanen Ikara da Maƙarfi da Kudan fiye da buhun taki. Wato hoton fasfo. Mai neman makaranta, mai neman aiki, mai niyyar aikin Hajji, kowa sai an ce ya kawo shi. Wannan ofis ya ce mai farin bango, wancan ya ce mai jan bango, wani ya ce guda biyu, wani ya ce takwas, sai ka ce fuskar mutum tana sake kama daga ofis zuwa ofis.

Kada mai karatu ya zaci ƙa'ida muke ƙi. Sam. Fasfon fita waje yana bin tsarin Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, mai mazauni a Kanada, kuma Nijeriya ta shiga amfani da fasfo mai na'ura tun 2007. Na'ura ce ke karanta fuskar a filin jirgi, ita kuwa na'ura ba ta san "ai shi ne" ba. Shi ya sa ake so mutum ya dubi kyamara sosai, ido a buɗe, baki a rufe, ba inuwa a fuska, bango fili ba zane, hoton kuma kada ya wuce wata shida. Wannan duk hankali ya ɗauka.

To, amma wa aka gaya wa? A watan Janairun 2024 Ministan Harkokin Cikin Gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya ƙaddamar da tsarin da mai neman fasfo zai cika takardunsa, ya ɗora hotonsa da kansa ta intanet. Madalla! Sai dai sharuɗɗan da Turanci suke. Manomin rake na Hunƙuyi ba ya karanta su, mai hoton bakin kasuwar Maƙarfi ma, wanda shi ne zai danna kyamarar, ba a taɓa kiransa an koya masa ba. Shi abin da ya sani shi ne ya rataya ƙyalle, ya gyara wa mutum hula, ya goge masa fuska a kwamfuta har ta yi sumul. Alhali kuwa wannan gogewar da yake gani gwaninta ce tana iya sa a ƙi hoton. Sai bawan Allah ya biya kuɗin mota zuwa Zariya, ya bar gona, ya sake biyan wani mai shagon intanet, don laifin da ba nasa ba.

Wadda ta fi shan wuya ita ce mace. Ƙa'idar duniya ta yarda a rufe kai saboda addini, muddin fuska ta fito daga haɓa zuwa goshi. Amma da yake ba a rubuta wannan inda za ta gani ba, in wani ya ce mata sai ta tuɓe hijabi, da me za ta yi gardama? Wata sai ta haƙura da tafiyar ɗungurungum.

Kuma muna tambaya: hukumar NIMC ba ta riga ta ɗauki hoton duk mai lambar ɗan ƙasa ba? To, tulin hotunan takarda da ake liƙa wa fom, su ƙare a kwali gara ta ci, na mene ne?

Abin da muke nema kaɗan ne. A juya sharuɗɗan zuwa Hausa, da boko da ajami, a haɗa da hoton misali na daidai da na kuskure, a manna a sakatariyar ƙananan hukumomin nan uku da kowane shagon hoto. In hukuma ta ce ba ta da mafassara, ga mu nan a Sashen Hausa, malamai da ɗalibai. Aikin bai fi shafi guda ba.