Ahalari da Wayar Hannu

A shekarar 2024 aka sauya wa ƙaramar hukumarmu suna daga Kunci zuwa Ghari, saboda sunan yana yi wa kunne kama da ƙunci. Suna kam ya sauya, amma akwai wani ƙuncin da ya shigo ƙauyukanmu ta wayar hannu, ya sauka a zukatan samari da 'yan mata.

Bari in ba mai karatu misali daga gidanmu. Wata ƙaramar salla ƙanwata, 'yar shekara 15, ta sa hotonta a WhatsApp. Ƙawayenta suka gane atamfar bara ce, suka dinga yi mata ba'a. Kwana uku ba ta leƙa Islamiyya ba, tuwo ma sai da lallashi. Da malaminsu ya ji labari, sai ya ce a ƙwace wayar. Aka ƙwace, ta koma aron ta maƙwabta don ta ga me ake faɗi a kanta.

Wannan ciwo ba namu ne mu kaɗai ba. A 1921 ba a san shi ba, amma a 2021 Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, ta fallasa binciken kamfanin da ya nuna Instagram yana sa wasu 'yan mata raina surar jikinsu. Ostireliya kuwa doka ta yi a 2024 ta hana 'yan ƙasa da shekara 16 shiga irin waɗannan dandali. A Kano, Hisba ce take kama masu baɗala a TikTok. Sai dai kamu maganin mai rashin kunya ne. Yarinyar da ta kwana tana kuka ba ta yi laifin da za a kama ta ba.

Abin mamaki, maganin yana cikin jakar ɗalibai. Littafin Ahalari, tun kafin ya kai babin tsarki, ya lissafa cututtukan da aka haramta wa baligi, cikinsu har da giba da riya da neman suna da hassada da izgili. Ashe ba su ne hajar da ake bajewa a waya ba? Amma malamai sukan bi ta kan wannan shafi da sauri, a ba da fassara, a wuce zuwa farillan alwala, kamar dai zuciya ba ta da najasa.

A ganina, nan ya kamata malam ya tsaya ko da wata guda ne, ya buga misali da hoton salla da ƙirgen masu yabo, ya kuma bar yara su yi magana. Malamin ƙanwata dai har yau bai tambaye ta abin da aka ce mata ba.