Murjani ma yana ciwo

Tun ina yaro nake ganin murjani a wuyan kakata, ja wur, ba ta ciro shi daga adaka sai ranar biki ko suna. A zatona dutse ne kamar tsakiya. Sai da na shiga aikin koyarwa na san cewa murjani dabba ne da ke zaune a teku, kuma jan nan da iyayenmu mata ke ado da shi ƙashinsa ne. Daga Bahar Rum ake ciro shi, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da shi ta Tarabulus da Gadamas har kasuwannin ƙasar Hausa. Kusan kowane aji muna da Murjanatu, sunansa ma ya zo a Suratur Rahman, amma shiga kowace lakwal a nan Jiratawa ka tambaya, da wuya ka samu yaron da ya san yana cin abinci.

Abin da ya tado maganar ƙanena ne da ke aikatau a wani gida a Jidda. Maigidan yana da akwatin gilashi cike da ruwan gishiri a falo, da 'yan kifaye da murjani mai rai a ciki, kuma ƙanen nawa aka ɗora wa kula da shi. Bara ya aiko mini da hoto ta WhatsApp: reshe ɗaya ya yi fari fat. Ya ce, "Yaya, ya mutu ne? In ya mutu aikina ya tafi."

Bai mutu ba. Irin wanda ake ajiyewa a gida ba jan nan na ado ba ne, na ruwan ɗumi ne mara zurfi, kuma a cikin namansa akwai wasu ƙananan tsirrai da ido ba ya gani. Su ke dafa masa mafi yawan abincinsa da hasken rana, su ne kuma ke ba shi launi. In ruwa ya yi zafi, ko da da digiri 1 ne sama da zafin da ya saba a bazara, aka ɗauki makonni a haka, sai ya kore su, farin ƙashinsa ya bayyana ta cikin naman. Yana nan da rai, amma yunwa yake ji. Haka ya faru da babban shingen murjanin Ostireliya, mai tsawon kusan kilomita 2,300, a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024.

Ƙanena ya so ya zuba magani, ya canja masa wuri, ya juye ruwan gaba ɗaya, duk a yini guda. Mai shagon da ke sayar musu da kaya ya hana shi, ya ce ya auna tukuna. Da ya auna sai ya tarar zafin ya haura digiri 30, alhali 25 zuwa 26 ake so, saboda an kashe na'urar sanyi lokacin da mutanen gidan suka yi tafiya. Laifi na biyu nasa ne. Kullum ruwa ya ragu, da ruwan gishiri yake cikawa. To ai ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan, kamar yadda ake samun kantu a Bilma. Ruwan teku gram 35 na gishiri ne a kowace lita, nasa ya wuce haka da nisa. Ya riƙa gyarawa kaɗan-kaɗan, ya rage fitila, yana rubuta awo safe da yamma. Sai a mako na bakwai launin ƙasa-ƙasa ya fara komowa a gindin reshen. Kan reshen bai tashi ba, gansakuka ta rufe shi.

Na kai hotunan aji, ranar kuwa na ga abin da na daɗe ban gani ba: yara na rige-rigen tambaya. Mu ba mu da teku, ba mu da wutar da za ta riƙe na'urar sanyi dare da rana, kuma ba na ba kowa shawarar ya nemi murjani a zafin Afrilun Maradi. Amma muna da tarwaɗa. Muka yanka tsohuwar tano biyu, muka sa 'ya'yan tarwaɗa 20 a rabi ɗaya a inuwar bedi, na sayi ma'aunin zafi da kaye guda.

Cikin kwana goma bakwai suka mutu. Ƙauna ce ta kashe su. Duk wanda ya wuce sai ya watsa abinci, ragowar ta ruɓe a ƙasa ta haɗu da kashinsu, ruwan ya yi wari. Da yaran suka ga haka sai suka zubar da ruwan duka suka cika da sabo mai sanyi daga famfo, biyu suka ƙara bi. Wata yarinya da ke da aikin ciyarwa a makon ta yi kuka har ta ƙi zuwa washegari, don ta tabbata bulala ce ke jiran ta. Ban dake ta ba. Na ba ta kayen na ce ta karanta mana abin da aka rubuta, sai ga shi babu wanda ya rubuta komai tun rana ta uku.

Ra'ayina shi ne, kowace makaranta, da kowane gidan da ke da hali, a ba yaro wani abu mai rai ya kula da shi, a haɗa masa da alƙalami da abin awo. Muna koyar da kimiyyar halittu da alli kawai. Yaro ya haddace yadda kifi ke numfashi ya ci BEPC, bai taɓa lura da cewa tarwaɗa na tasowa saman ruwa ta shaƙi iska ba. A garin da abincin mutane ya dogara ga fadamar ban-ruwa da gonakin zogale, ga tafkin Madarumfa kusa da mu, wannan abin kunya ne a gare mu malamai, ni ma a ciki.

Wani abokin aikina ya ce ɓata lokaci ne, manhaja ta yi yawa, jarrabawa na tafe. Gaskiyarsa game da manhaja. Amma aikin minti goma ne kafin a shiga aji, kuma a kansa na koyar da kaso cikin ɗari, da zana jadawali, da tashin ruwa a rana. Wani uba kuma ya ce in suka mutu an yi asarar kuɗi. Jika biyu na kashe a kan kifin. Asarar da ta fi damuna ita ce wadda iyaye ke yi in kaza ko zomon yaro ya fara ciwo: ko dai su ƙwace su yi da kansu, ko su zage shi da sakarci, ko a yanka a huta. Duk cikin ukun yaro bai koyi tambayar da mai shagon Jidda ya sa ƙanena ya yi ba, wato me ya canja, kuma yaushe. Iyaye, in ta yi ciwo ku zauna kusa, ku tambaye shi me ya ba ta jiya, ku bar hannunku a aljihu.

(Na san wani zai ce ɗalibin da ya dusashe a aji ma haka ne, a duba gidansu da cikinsa kafin a ɗauki bulala. Ban musa ba, amma wannan maganar wata rana ce.)

Yanzu dokar tano uku ce, yaran suka rubuta da kansu: mutum ɗaya ke ciyarwa, abin da za su cinye cikin minti biyar, kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ake canjawa, da wanda ya kwana a bokiti, ba a canja abu biyu a rana ɗaya. Da hunturu ya shigo kifin suka rage ci, sai aji ya rabu biyu, wasu na cewa ciwo ne a nemo magani. Yarinyar nan ce ta buɗe kayen ta nuna musu zafin ruwan safe ya sauka daga 27 zuwa 20 cikin mako biyu, ta ce a rufe tanon da buhu da dare a jira. Tarwaɗa 11 suka rage mana, kuma har yau ba a gama gardamar wanda zai kai su gida lokacin babban hutu ba.