A daina sayar da Septrin kamar alewa

Da wuya a wuni a kemis na unguwa ba a sayar da Septrin ba. Mai tari ya saya, mai mura ya saya, mai gudawa ma haka, galibi ƙwaya biyu ko huɗu, ba tare da takardar likita ba. Wannan ɗabi'a tana jefa rayuka cikin haɗari.

Septrin haɗin magunguna biyu ne, sulfamethoxazole da trimethoprim, kuma yana cikin dangin magungunan salfa. Aikinsa hana bakteriya hayayyafa, shi ya sa likitoci ke bayar da shi a wasu cututtukan mafitsara da na huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta amince a ba masu cutar HIV domin kariya. Amma mura bairos ke kawo ta, kuma Septrin ba ya yi wa bairos komai.

Babban abin tsoro shi ne jikin wasu ba ya karɓar salfa. Abin kan fara da zazzaɓi da ƙuraje, sai baki da idanu su yi gyambo, fata ta riƙa saɓulewa kamar ƙuna. Likitoci na kiran wannan da Stevens-Johnson, kuma yana kisa. Duk wanda ya ga ƙuraje bayan shan maganin ya dakatar nan take, ya garzaya asibiti.

Jama'a da yawa ba su san cewa Fansidar da ake ba masu juna biyu, da maganin rigakafin maleriya da ake raba wa yara a lokacin damina, duk suna ɗauke da salfa ba. Ba a haɗa su da Septrin, kuma wanda ɗaya ya taɓa yi wa illa bai kamata ya sha ɗayan ba. Wajibi ne iyaye su sanar da masu rabon magani.

Wanda likita ya rubuta wa, ya sha ruwa sosai domin kare ƙoda, ya kuma kammala kwanakin da aka ɗiba masa. Yanke sha a tsakiya yana sa ƙwayoyin cuta su bijire wa maganin. Mai ciki, mai ciwon ƙoda da jariri ɗan ƙasa da mako 6 kada a ba su sai da izinin likita.

Ya rage ga hukumar NAFDAC da hukumar kula da masu harhaɗa magunguna ta PCN su tsaurara sa ido a kan kemis-kemis. Shi kuma mai kemis, kafin ya miƙa maganin, ya nemi takardar likita, ya kuma tambayi mai saye ko salfa ta taɓa yi masa illa.