Sharhi: Karnukan gadin Tirkaniya da rigakafin da ya rasa mai ɗaukar nauyinsa

A Tirkaniya, unguwar da ke kudancin Kogin Kaduna cikin Ƙaramar Hukumar Chikun, gidaje da dama na ajiye kare saboda gadi, kyanwa kuma saboda ɓeraye. Taɓarɓarewar tsaro da yankin Chikun ya yi fama da ita a shekarun baya ta ƙara wa karen gadi daraja. Sai dai dabbar da aka ajiye domin kare iyali takan zama barazana gare su idan ba a yi mata allurar rigakafin ciwon haukan kare ba.

Cututtukan da suka fi addabar waɗannan dabbobi sanannu ne: kaska, ƙazuwa, tsutsar ciki, da zawon jini mai kashe 'yan kwikwiyo cikin kwanaki kaɗan. Yawancinsu asara ce da ke tsayawa kan mai dabba. Ciwon haukan kare kuwa yakan tsallake katangar gida ya shafi unguwa baki ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cutar na kashe kimanin mutum 59,000 a kowace shekara, kashi 95 cikin ɗari a Afirka da Asiya. Kusan dukkan waɗanda ke kamuwa daga kare suke ɗauka, kuma kashi 40 cikin ɗari yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar cutar na shiga jiki ta yawun dabba, ta bi jijiyoyi har ƙwaƙwalwa, galibi cikin wata biyu zuwa uku. Da zarar alamomi sun bayyana, kamar firgita da ganin ruwa, da wuya a rayu. Kyanwa ma na iya yaɗa ta ta hanyar cizo ko yaƙushi.

Lissafin da ke gaban hukuma

Masana sun daɗe da cimma matsaya cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wani yanki allura, aka kuma ɗore a kai, cutar kan daina yaɗuwa. Allurar kare ta fi arha nesa ba kusa ba idan aka kwatanta da jinyar wanda aka ciza, wadda hukumar ta ƙiyasta a kan dala 108. Ga iyalin da ke cin abinci daga abin da aka samo a yini, wannan kuɗi ya isa ya sa a koma ga maganin gargajiya, a bar sauran ga ƙaddara.

Kayan aikin ma ba su yi wa Kaduna nisa ba. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa allurar karnuka. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya na da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwarta. Najeriya na cikin ƙasashen da suka rungumi burin kawo ƙarshen mutuwar mutane sanadiyyar cizon kare nan da 2030, kuma a 2024 gwamnatin Bola Tinubu ta ƙirƙiro Ma'aikatar Bunƙasa Kiwon Dabbobi.

Matsalar ita ce cutar ta faɗa tsakanin ofisoshi. Wanda aka ciza na ɓangaren lafiya ne, karen na likitocin dabbobi ne, karnukan da ke gararamba a juji kuma na ƙaramar hukuma. Bugu da ƙari, hankalin masu tsara manufofin kiwo ya fi karkata ga shanu, awaki da kaji, domin su ke kawo kuɗi. Shi ya sa akan fi jin batun a ranar 28 ga Satumba, ranar yaƙi da cutar ta duniya, sannan ya lafa. Allurar shekara guda ba ta wadatarwa, tunda kullum ana haifar sabbin 'yan kwikwiyo. Meziko, wadda hukumar ta tabbatar a 2019 cewa ta shawo kan cutar, ta kai ga haka ne ta hanyar yi wa karnuka allura kyauta shekara bayan shekara.

Abin da ya rataya a wuyan unguwa

Mai kare ya kai ɗan kwikwiyonsa allura da ya cika wata uku, ya sabunta ta duk shekara, ya adana katin. Wanda aka ciza ya wanke raunin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, ya garzaya asibiti a ranar. A killace karen kwana goma ƙarƙashin kulawar likitan dabbobi, domin kashe shi a jefar kan shafe hujjar da za a yi gwaji da ita.

Sauran aikin na siyasa ne. Matasan Tirkaniya, Nasarawa da Kudenda na da damar tambayar kansiloli da shugaban ƙaramar hukuma: nawa aka ware wa rigakafin karnuka a kasafin bana, karnuka nawa aka yi wa allura a kowace mazaɓa, kuma wace cibiyar lafiya ce mafi kusa da ke ajiye allurar wanda aka ciza? Amsoshin su ne za su nuna ko burin 2030 ya iso bakin Kogin Kaduna.