Martani: Alhakin Zaɓi a Wasan Kwamfuta

Malam, ka rubuta cewa samarin Samaru da Sabon Gari masu juyayin mutuwar jarumi a wasan kwamfuta sun yi asarar hankali, alhali wannan hukunci, in an ɗora shi bisa mizanin adalci, ba shi da hujja. A wasan Mass Effect na 2007, inda tilas mai wasa ya ceci Ashley ko Kaidan, ya bar ɗayan ya halaka, abin da ke sosa zuciya shi ne alhaki, domin wanda ya zaɓa da hannunsa shi ke kwana da nadama. Duk yaron da ya yi jugum bayan haka, nauyin amana ya ɗanɗana. Ka taɓa wasan tukuna, sannan ka ba da fatawa.