LAFIYA UWAR JIKI: Ganyen da aka yi wa feshi

Manoman Dungas da Magarya sun san wiwi, sun san ɓarnarta. To yanzu akwai wadda ta fi ta sharri. A Ikko da wasu biranen Nijeriya ana ce mata Kolorado. A Saliyo ana haɗa ta cikin abin da suke kira kush.

Wannan ba shuka ba ce. Magani ne da ake haɗawa a masana'anta. Ana narka shi, a fesa wa busasshen ganye, a shanya, a ƙulla a leda. Mai sha ya naɗa kamar taba. A shekarar 2008 masana a Jamus suka gano sirrin wannan feshi cikin wani ganye mai suna Spice.

Duk wanda ya taɓa yi wa wake feshin maganin ƙwari ya san wani ganye yana jiƙewa, wani kuwa ɗan kaɗan yake samu. Haka abin yake a nan. Ƙulli biyu kamanninsu ɗaya, amma ɗaya ya ninka ɗaya ƙarfi. Mai saidawa ma bai san abin da ke ciki ba.

Ga illarta: amai, bugun zuciya da sauri, farfaɗiya, ruɗewar hankali, lalacewar ƙoda. Wani daga suma sai kabari. Wanda ya saba kuma bari na yi masa wuya. A watan Afrilu na 2024 shugaban Saliyo, Julius Maada Bio, ya kafa dokar ta-ɓaci saboda samarin da kush ta halaka.

Me ya haɗa Dungas da wannan? Iyaka kusa take. Kasuwar Maigatari ga ta nan. Bayan kaka samari na tafiya cin rani birane. Yaron da ya koyo sha, damana ta sauka bai iya riƙe hauya, bisashe ma bai iya kora.

Uba ya zauna da ɗansa kafin ya tafi, ya gaya masa gaskiya. In an iske yaro ya faɗi, a kwantar da shi ta gefe. Kar a ɗura masa ruwa ko nono. Kar a doke shi. A kai shi likita nan da nan, a faɗa wa malamin asibiti abin da ya sha, ba ɓoye-ɓoye. Rigakafi ya fi magani.