Kada Mu Hana Masu Makoki Kuka

'Yan'uwa cikin Almasihu, sau da yawa mukan zauna a gidan rasuwa mu ji wani dattijo yana ce wa matar marigayi, "Mama, share hawayenki, mai bi ba ya kuka haka." Mun san da kyakkyawar niyya yake faɗa. Amma kafin mu sake furta irin wannan magana, bari mu buɗe Matiyu 5:4, inda Ubangiji ya sa wa masu makoki albarka, ya kuma yi musu alkawarin ta'aziyya, mu duba kalmomin ayar a Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi.

Kalmar makoki a nan ita ce pentheo. Helenanci yana da lupeo, wato ɓacin zuciya wanda mutum zai iya haɗiyewa, amma ba ita Matiyu ya rubuta ba. Pentheo baƙin cikin mutuwa ne wanda ba ya ɓoyuwa. A tsohuwar fassarar Tsohon Alkawari zuwa Helenanci, wadda Yahudawa suka yi tun kafin haihuwar Almasihu, ita ce kalmar da ke Farawa 37:34, sa'ad da aka kawo wa Yakubu rigar Yusufu da jini. Tsohon ya yage tufafinsa, ya yi kwanaki da yawa yana makoki, 'ya'yansa suka yi ta lallashi ya ƙi. Irin wannan mutum ne Yesu ya kira mai albarka. Sigar kalmar kuma, penthountes, tana nufin waɗanda suke cikin makokin yanzu, hawayensu bai bushe ba tukuna.

Wani zai ce ai makoki saboda zunubi ake nufi. Da gaskiyarsa, don haka Bulus ya yi amfani da kalmar a 1 Korintiyawa 5:2. Amma a Ishaya 61:2, inda makoki da ta'aziyya suka haɗu kamar yadda suke a Matiyu, ana magana ne da jama'ar da garuruwansu suka zama kufai. Ikilisiyoyinmu da suka binne nasu bayan rikici ba sa bukatar a yi musu bayanin wannan. Ko 1 Tasalonikawa 4:13 da muke yawan karantawa a bakin kabari, baƙin ciki marar bege ne ta hana.

Kalmar ta'aziyya kuwa parakaleo ce: para, kusa, kaleo, kira. Daga tushenta aka sami Parakletos, sunan Ruhu Mai Tsarki a Yahaya 14:16, wanda muke cewa Mai Taimako. Ayar ba ta ambaci mai yin ta'aziyyar ba, domin masu sauraro sun san Allah ne. To, ta wace hanya yake yinta? A 2 Korintiyawa 7:6 Bulus ya ce Allah ya ta'azantar da shi ta wurin zuwan Titus. Ɗan'uwa ne ya taka ƙafa ya zo.

Yawancinmu 'yan tsiraru ne a garuruwan da muke zaune, dangi suna nesa, fasto ɗaya yana riƙe da majami'u uku ko huɗu. Saboda haka muna roƙon dattawa da shugabannin Zumuntar Mata su tsara wanda zai riƙa leƙa gidan marigayi bayan an naɗe tabarmi, baƙi sun watse, har wata uku ko fiye. Wanda aka aika kada ya damu da shirya wa'azi. Ya tambaya ko akwai hatsi a gidan, ko an biya kuɗin makarantar yara. In Mama ta fashe da kuka, ya zauna har ta gama.